Asabar Ɗin Auta

Makitsiyar ta fi sanin ƙeyar matan unguwar fiye da fuskokinsu. Shekara goma sha ɗaya tana zaune kan kujera ɗaya a bakin ƙofar ɗakinta, kan mutum tsakanin gwiwoyinta, kibiya a baki. Ba ta da shago, saboda haka ba ta da lokacin tashi. In tana cin abinci a yi sallama, in tana wanka a zauna jiranta.

Yau da gobe ta daina jin gajiya, ta daina jin daɗi kuma. Hannu dai yana tafiya.

Autarta mai shekara tara ita ce ke yawo da kai a tsefe, har 'yan ajinsu suka sa mata suna Tsintsiya. Ranar da ta dawo da wannan suna tana kuka, uwar ta yanke doka: safiyar Asabar ta Auta ce, a saki labule, ba a karɓar kowa.

To, matan unguwa ba su ƙi doka ba, zagaye ta suka yi. Sai mace ta ɗaga labulen ta ce, "Ni ba kitso na zo ba, gaisuwa ce." Kafin a gama tambayar yara ta zame ɗankwali. "Layi biyu ne suka warware, Yaya." Ita kuwa kunya ba ta barinta ta kori wadda ta riga ta buɗe kai.

"Matsa kaɗan, Auta, yanzu zan dawo kanki."

Asabar huɗu Auta na tashi da rabin kitso, ta ɗaura ɗankwali a kai.

A ta biyar ba ta zo ta zauna ba. Wajen azahar ta shigo kai a kitse tsaf, yana ƙyallin mai. Gidan wata sabuwar makitsiya ta je, can bayan layi. Uwar na tsakiyar aiki a kan wata, ta miƙo hannu ta juya kan 'yar, ta bi layukan da yatsa.

"Tsagar ta karkace," ta ce.

"Na sani, Mama. Amma ita ta gama."

Uwar ta tsaya tana jiran ranta ya ɓaci, ko hawaye ya zo. Babu abin da ya zo. Matar da ke gabanta ta gyara zama ta yi tari.

"Sunkuya," in ji makitsiyar.