Faifan Baba Modu da maigidana bai yafe ba

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam Yohanna mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Na so in yi shiru kamar kowace shekara. Amma a makon jiya wani gidan rediyo ya sa tsohon faifan goge, mai gabatarwa yana dariya yana cewa, "Ku ji muryar mutanen da, kamar ɗan akuya. Ba a ma san wanda ya yi ta ba." Raina ya ɓaci, na kashe rediyon, na ɗauki biro.

Na san wanda ya yi ta. Baba Modu ne, mai goge a Fagge, mutumin Barno da iyayensa suka daɗe a Kano. Kuma muryarsa ba haka take ba.

A farkon aurenmu, kafin a ba da mulkin kai, wani kamfanin faifai ya ɗauki Malam aiki. Mawaƙa kan zo wani ɗaki a bayan kantin kamfanin, a rataye barguna a bango, a ɗauki waƙa a zaren tef. Gyaran zaren kuwa aikin Malam ne. Da reza yake yanke tari da kukan jaki, ya liƙe, ya daidaita goge kada ya danne murya, ya rubuta sunan mawaƙi a takarda. Daga nan a rufe a gwangwani, jirgin ƙasa ya kai Ikko, jirgin ruwa ya kai Ingila, can ake buga faya-fayan garmaho. Fuskar faifai ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti uku da ɗan abu, shi ya sa kullum agogo na gabansa.

Waƙar Baba Modu ta kusa minti biyar. A hankali yake jan ta, domin ta'aziyyar ƙanensa ce, ɗan dako, da buhunan gyaɗa suka rufta wa. Malam ya kwana uku yana neman numfashin da zai raba ta biyu ba tare da ya karya baiti ba. Ya samu. Ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa a buga rabi a gaba, rabi a baya. Baba Modu ya saurara, ya ce, "Yohanna, amanar ɗan'uwana na ba ka."

Bayan wata bakwai faya-fayan suka iso. Wani can Ingila da bai san Fagge ba, bai jin Hausa, ya ga asara ce a ba tsoho ɗaya fuska biyu. Sai ya ƙara wa zaren gudu ya cusa waƙar a fuska ɗaya, ya sa kiɗan rawa a ɗayar. A gurbin sunan mawaƙi kuma aka rubuta da Turanci wai waƙar ƙauye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina wurin ranar da aka sa faifan a lasifikar kanti. Baba Modu ya zo da sabuwar riga, 'ya'yansa maza biyu na biye. Murya ta fito siririya tana rawa, 'yan kasuwa suka tuntsire da dariya, wasu har da taka rawa a kan mutuwar ƙanensa. Tsohon ya tsaya har ta ƙare. Ya dubi Malam ya ce, "Wane ne wannan?" Ya juya ya tafi.

Malam ya shiga wurin wakilin kamfani ya ce a janye faifan. Wakilin ya ce ai yana tafiya a kasuwa, mutane na son abin dariya. A ranar Malam ya ajiye makullin ɗakin ya bar aiki, ina da cikin fari, ba mu da wani abin dogaro. Ban hana shi ba, ban kuma taɓa yi masa gori ba. Washegari ya tafi Fagge ya durƙusa a zaure yana ba da haƙuri kan laifin da bai yi ba. Baba Modu ya yafe masa, amma bai ƙara ɗaukar goge ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ina tambayar kaina, da Malam zai ratsa titin Ibrahim Taiwo yau, me zai ce? Ga shaguna ana kwafar waƙa ɗari kafin a sha ruwa, wannan a yanke mata kai, waccan wutsiya, babu mai tambayar wa ya yi ta, don me ya yi ta. Na'ura ta ƙaru, kunne ya ragu. A da baƙo ne ya wulaƙanta mu don bai san mu ba. Ku fa, 'ya'yana na gidan rediyo, mene ne uzurinku? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malam bai bar gida na kansa ba, babu faifai ɗaya da sunansa ke kai. Amma ranar jana'izarsa, muna tsaye a maƙabartar Kirista, sai ga dattawa biyu da rawani daga Fagge. 'Ya'yan Baba Modu ne. Babban ya karɓi shebur daga hannun ɗana ya ce, "Babanmu ya bar wasiyya, in wannan mutumin ya riga mu, da hannunmu za a rufe shi." Suka naɗe riguna, suka rufe shi.