Kyandir a Teburin Gira-Ɗaya

A layin masu gyaran kwamfuta Gira-Ɗaya ake ce masa, tun ranar da ya kara kunne yana sauraren fankar wata kwamfuta, batirinta ya yi bindiga, wuta ta lashe masa girar hagu. Har yau ba ta tsiro ba.

Ga shi zaune, siriri, da bokitin yashi a gindin ƙafarsa. Kwamfutoci biyu ne a gabansa, kowacce da irin ƙwaƙwalwarta. Aiki ɗaya ya ba su, ya ɗora wa kowacce gutsuren kyandir. Ta dama tuni ta gama, amma kyandirinta ya zama ruwa, fankarta sai huci take. Ta hagu tana tafiyar hawainiya, nata kyandirin ko gezau.

Wani dattijo na tsaye, ta daman yake son saya wa 'yarsa, mai karatu a kan katifa har barci ya sace ta.

"Haba, Gira-Ɗaya," in ji maƙwabcinsa, "ba Baba mai saurin mana! Ko ɗaya girar kake wa tattali?"

Bai yi dariya ba. Ya tura wa dattijon ta hagun.

"Baba, ni gira kawai wutar ta ci, don idona biyu ta same ni."