Baba Mai Kunne da Jif ɗin Yayata

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar ya share gaban garejinsa, ya jera sifanu a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, ya zauna a tsohuwar kujerar mota da kofin shayinsa. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Ba ya kunna rediyo a wurin aiki, wai inji ma magana yake yi, rashin ladabi ne a katse shi. Shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Baba Mai Kunne. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji, ni kuwa na ga bai dace ya tafi shiru ba.

Ta dalilin yayata na san shi. Tana da tsohuwar jif mai silinda shida, ita kaɗai ce keken guragun 'yarta ke shiga bayanta ba sai an kwance shi ba. Da ita take kai yarinyar makaranta. Kwatsam motar ta fara ɗingishi. A tsaye tana karkarwa har madubi na rawa, a hawa ta riƙa shaƙewa, salansa na warin ɗanyen fetur. Gareji biyu suka ce sai an sauke inji. Yarinya ta yi mako biyu a gida, ga jarrabawa ta matso, Yaya har ta fara zancen sayar da motar.

Ni na raka ta wurinsa. Kafin ya taɓa bonet sai da ya yi tambaya.

"Hajiya, yaushe ta fara?"

"Tun da na dawo daga tafiya, Baba. Wata guda ta yi a ajiye kusa da sito."

Ya ce a tayar. Ya riƙa cire wayar kwayil, mai ba kowane silinda wuta, ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya cire, rawar injin ta ƙaru, sai a silinda na huɗu ba abin da ya canza.

"To, ga malalacin," in ji shi. "Saura mu ji dalilinsa."

Ya musanya kwayil ɗin da na maƙwabcinsa, ciwon bai bi shi ba. Ya musanya fulogi, haka nan. Sai ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a kan kowane nozul mai fesa mai, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Biyar suna ƙas-ƙas, na huɗu shiru. Ya bi wayarsa da yatsa har ƙarƙashin wata roba, ya jawo ta fili, a gutsure.

"Ɓera ne, ga shaidar haƙoransa. Hajiya, injinki lafiyarsa ƙalau. Kyanwa kike buƙata."

Yaya ta fashe da dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Baba ya haɗa wayar da dalma, ya naɗe, motar ta daidaita kamar ba ita ba. Ranar Litinin yarinya ta koma aji.

Baba, kai ne ba ka yanke wa mota hukunci sai ka saurare ta. Kai ne, in ji direbobin unguwa, kake wanke tsohon fulogi ka mayar in yana da sauran rai, kake cewa "ban gano ba tukuna" ba tare da jin kunya ba. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya sa ka ci albarkacin hannunka.

Ku kuma masu sana'a, ta ƙarfe ce ko ta allura ko ta alli, ku yi koyi da shi: a tambaya, a gwada, sannan a yi magana.

Da na gaya masa zan yi rubutu a kansa, ya goge hannu da tsumma, ya girgiza kai.

"Ni me za a rubuta a kaina, ɗana? In dai mutane za su karanta, ka ce musu su riƙa canza baƙin mai a kan lokaci."

To, Baba, na faɗa musu.