Simintin da Na Zuba wa Inna

A unguwarmu nan Tawa an san ni da karambani. In famfo yana yoyo, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, kafin a nemo mai gyara sai an leƙo gidana, don ni tun ina yarinya ba na iya ganin abu ya lalace in naɗe hannu. Shekaranjiya maƙwabciyata ta zo tambayar yadda za ta liƙe simintin ɗakinta da ya tsage. Na ce ta ɗan buɗe tsagar, ta share, ta jiƙa ta sosai, sannan ta cusa kwaɓi. Ta tafi tana godiya. Ni kuwa tambayar ta mayar da ni Affala, ɗakin mahaifiyata.

Ɗakin Inna daɓe ne, irin na da. Duk shekara bayan an gama girbi, sai ta duba inda ƙafafun gado suka ci ƙasa da inda gindin randa ya zaizaye, ta aika wa matan unguwa goro. Ran aiki tun da hantsi gida zai cika, kowace da madaɓinta, wannan icen mai faɗin baki da ake dukan ƙasa da shi. A baza jar tsakuwa, a yayyafa ruwa, su durƙusa a jere suna duka tare, suna waƙa, suna zagin mazansu cikin raha. In ya bushe a shafe shi da ruwan bagaruwa har ya yi duhu yana ƙyalli. Ƙamshin nan na jiƙaƙƙiyar ƙasa da bagaruwa, har yau ban ji turaren da ya kai shi ba.

Mahaifinmu ya rasu da wuri, mu kuma muka watse, karatu ya ɗauki wasu, aure ya ɗauki wasu. Inna ta rage ita kaɗai a gidan da ke can bakin gari. Ni abin da nake gani kawai shi ne tsohuwa durƙushe tana dukan ƙasa da ciwon baya, sai raina ya ɓaci.

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, Inna ta tafi Bambeye zaman jego wajen ƙanwata, kwana arba'in. Na ce ga dama ta samu. Na loda buhunan siminti a motar ƙauye, na sauka Affala ina jin kaina. Na sha kallon magina suna aiki a makarantarmu, don haka ban ɗauki magini ba. Na fitar da gado da randa, na kwaɓa, na zuba a kan daɓen, na lailaye. Kwana uku ina ba shi ruwa. Gaskiya ya yi kyau, ko yabon kai jahilci ne sai na faɗa.

Da ta dawo, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta taka a hankali. Da yake ni ce ƴar fari, ba ta kiran sunana.

"Ke, mi kinka yi nan?"

"Na hutar da ke, Inna. Wanga ba a sake taɓa shi."

"Ko baɗi?"

"Har abada!"

Ta ce, "To, Allah shi yi albarka." Na koma Tawa ina ba abokan aiki labari.

Sai bayan shekara uku na sake zuwa a daidai lokacin kaka. Tun daga nesa nake jin dukan madaɓai da waƙa daga gidan maƙwabta. Na shiga namu, na tarar da Inna zaune a bakin ƙofa ita kaɗai, madaɓinta a cinya, tana ɗan buga shi a tafin hannu daidai da dukansu.

Na ce, "Inna, ba ki tahi ba? Ko jikin na?"

"Jiki lahiya lau. Ba a kira ni ba."

Na tashi a fusace zan je in ji dalili, ta kama mini zane.

"Zamna. Ba su yi laihi ba. Daɓe biki na, ki yi min in yi miki. Wa ka cin guminki alhali ya san ba shi da ranar ramawa? Kunya sunka ji, sun ce ni yanzu mai siminti ta."

Ashe tun shekarar farko goro ya daina shigowa gidan. Ni ina gari ina fahariya na hutar da uwata, ashe fitar da ita na yi daga cikin mata. Ban taɓa tambayarta ko tana so ba. Na tambayi magina yawan yashi da yawan ruwa, ita ce kaɗai ban tambaya komai ba.

Ta shafa simintin da tafin ƙafa, ta yi murmushi.

"Kullum da sahe in ina shara sai na duba ko ya tsage. Ko kaɗan. Kin iya aiki, wagga ɗiya."

Ba a taɓa yaba mini na ji zafi irin na ranar ba.

Washegari na aro guduma wajen maƙeri. Abin da na zuba cikin yini ɗaya sai da ya ci mini yini biyu wajen fasawa, hannuna duk ya yi kanta. A ƙarƙashi ga tsohon daɓen nan, ya yi laushi, ya farfashe, daidai yadda ake so a kira mutane. Inna ba ta ce in bari ba, ba ta ce in ci gaba ba. Na dai ga ta kwance bakin zane ta aika a sayo goro.

Mata bakwai suka zo. Da aminiyarta ta ga tulin ɓaraguzai a tsakar gida, ta tambayi abin da ya faru. Inna ta taɓe baki ta ce, "Aikin ƴan lakwal, ai ba ya ƙarko." Suka kwashe da dariya, suka yi ta yi mini tsiya har la'asar. Na durƙusa a ƙarshen layi da madaɓin aro, ina ɓata musu duka, Inna na gefena tana waƙa da muryar da na manta tana da ita.

Kaka biyu ta ƙara yi a duniya, kuma a cikinsu babu daɓen da aka yi a unguwar ba da ita ba. Uku ɗin da na cinye mata kuwa ban san inda zan rama su ba. Madaɓinta yana nan rataye a bayan ƙofata. Gidana duk siminti ne, babu inda zan buga shi.