Kwamfutar Ɗakin Tsintsiya

Duk wanda ya yi aiki a makarantar nan ya san dokar Sakatariya, ko da bai san ta hedimasta ba: saƙon imel ɗin da ba ka san mai shi ba, kar ka taɓa abin da aka maƙalo a jikinsa. Da jan biro ta rubuta, ta manna a goshin kowace kwamfuta ta ofis. Sabon malami kuwa, tun kafin a nuna masa ajinsa take tsare shi a bakin teburinta.

"Adireshin za ka duba, ba sunan ba," in ji ta. "Suna kowa ma yana iya ara. In kuma suka ce maka maza-maza, to a nan ne za ka gyara zama."

A bayan idonta malamai Kar-ka-danna suke ce mata, kuma ta sani sarai. Gajeriyar mace ce mai tabarau a ƙarshen hanci, shekara ashirin da shida tana buga takardun makarantar, tun zamanin tafireta. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne, a duk ginin babu mai buɗe baƙon saƙo kamarta.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Dogo, wanda ya kere ta a tsawo tun yana ɗan sha uku. Shekara tara ke nan da ya tafi neman aiki wata ƙasa. Ranar tafiyarsa ya ce mata, "Umma, waya tana iya ɓata, amma adireshin imel na ofishinku yana cikin kaina." Saƙo biyu ya turo. Daga nan shiru.

Ta bi duk inda ake bi. Da ta gaji, sai ta sa hotonsa a intanet tare da adireshin ofis, har da tabon da ke girarsa ta hagu. Amsa kuwa ta samu, kamar an buɗe famfo: masu cewa sun gan shi, masu cewa yana asibiti, masu cewa yana tsare. Marasa tsoron Allah sun gano uwa mai jira, suka yi mata caa.

A shekara ta uku wani saƙo ya zo da taken "Labarin ɗanki", da fayil a maƙale. Ko adireshin ba ta kalla ba, ta danna. Kafin a tashi daga makaranta bairos, cutar kwamfuta, ya kulle sakamakon jarrabawar yara ɗari shida, ana saura mako guda a raba. Mako uku malamai suka yi suna sake kwafa daga takarda. Babu wanda ya ɗaga mata murya. Hedimasta cewa kawai ya yi, "Allah ya kiyaye gaba." Da zaginta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

Mai gyaran kwamfutocin makarantar, wani dattijo da ya fara sana'a da gyaran rediyo, shi ya same ta zaune ta haɗa kai da gwiwa.

"Malama, ba zan ce ki daina buɗewa ba," in ji shi, "don na san ba za ki daina ba. Amma ba a kan ta ofis ba."

Ya kawo wata tsohuwar kwamfuta da aka yar, ya kwashe komai na cikinta, ya ajiye ta a ɗakin da ake jingine tsintsiya da bokitai, ya haɗa mata layinta daban, ba ruwanta da na ofis. Ya koya mata ta riƙa tura baƙon saƙo can ba tare da ta taɓa abin da ke maƙale ba. In bairos ne, sai ya ci ɗakin da babu kowa.

Tun daga lokacin, kullum aka buga ƙararrawar tashi, sai ta ɗauki makulli ta nufi ƙarshen baranda. Ɗakin ba taga, warin jiƙaƙƙen tsumma ne kawai da kujera mai ƙafa ɗaya gajera. Kwamfutar tana daɗewa kafin ta farka, tana nishi kamar tsoho zai miƙe. A cikin wannan jiran ne take ganin fuskarta a baƙin gilashin, kuma goshin nan nata shi ne goshin Dogo sak. Wani lokaci sai ta ga kamar shi ne yake leƙo ta daga ciki, yana shirin cewa Umma. Tsoron mintin nan take ji, kuma ba ta taɓa kawar da kai ba.

Sau goma sha ɗaya kwamfutar ta mutu, sau goma sha ɗaya mai gyara ya tashe ta. "'Yarki ta sake kwanciya?" haka yake tsokanarta a waya.

Wata Talata da hantsi, tana tsakiyar buga jadawalin jarrabawa, saƙo ya shigo daga adireshin da ba ta sani ba. An rubuta cikakken sunan Dogo. An ce an tsinci gawar wani saurayi dogo mai tabo a girar hagu, ta buɗe hoton ta tabbatar ko shi ne, kafin a binne shi yau.

Hannunta ya kai kan fayil ɗin kafin hankalinta ya iso. Jan rubutunta da ke goshin kwamfutar ne ya tsayar da ita. Ta gaya wa kanta cewa tabon nan ita ta rubuta shi a intanet da hannunta. Ta gaya wa kanta cewa sun ce maza-maza. Duk da haka ta kasa share saƙon, domin wata rana ai wani zai faɗi gaskiya.

Ta tura saƙon can. Ba ta jira ƙararrawa ba. Ta bi baranda tana dafa bango, yara suna karatu da ƙarfi a azuzuwa, ita ko ba ta jin komai. A ɗakin tsintsiya kwamfutar ta yi ta nishi, fuskar nan tana kallonta daga gilashi. Shekara shida tana shiga ɗakin nan tana roƙon Allah ya sa saƙon gaskiya ne. Ranar nan ta juya addu'ar.

Ta danna.

Hoto bai fito ba. Gilashin ya yi ƙyafta-ƙyafta, akwatuna suka riƙa buɗe kansu, sannan jan rubutu ya rufe komai yana cewa an kulle duk abin da ke cikin kwamfutar. Ta zura masa ido, ta karanta har sau uku. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye suna ɗiga a kan tabarau.

A haka mai gyara ya tarar da ita bayan ta kira shi.

"Lafiya, Malama? Yau kuma me suka ce?"

"Ɓarayi ne," ta ce, tana share fuska da gefen mayafi. "Alhamdu lillahi, ɓarayi ne kawai."

Ya karanta saƙon a wayarta. Ya sunkuya ya cire wayar wuta daga bango, ya rungumi kwamfutar.

"Wannan karon ta ji jiki. Sai jibi."

"Gobe dai, don Allah," in ji ta. "Kar ya rubuto ya tarar ba kowa."