Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Goggo Akawu

Goggo Akawu ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga takardu a ofis kafin ta yi ritaya, kuma ritayar ba ta kai wata biyu ba zaman gida ya ishe ta. Ta kama wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, daura da jerin ofisoshin gwamnati, ta sa tebur ɗaya, firinta ɗaya, benci mai cin mutum uku, da kwamfuta irin wadda ake rufewa kamar littafi. Nan masu koke da masu neman aiki suke zuwa, yawancinsu ba su iya karatu ba. Su faɗi damuwarsu da baki, ita kuma ta mayar musu da ita takarda.

A tafireta ta koyi aikin, zamanin da kuskure ɗaya kan sa a yage shafi a faro daga farko, don haka zuwan kwamfuta bai sauya mata hali ba. Ba ta kallon madannai, ba ta kallon fuskar kwamfutar. Mai magana take kallo, yatsunta na can suna aikinsu. Jan layin nan da kwamfuta ke ja a ƙarƙashin kuskure ma tun ranar farko ta sa aka kashe mata shi, wai babu injin da zai koya mata rubutu. Ba ta kuma sake karanta abin da ta buga. In ka ce ta ɗan duba, sai ta leƙo ka ta saman tabarau ta ce, "Takardata ba ta taɓa dawowa ba." Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa.

'Yarta ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta daɗe tana fama da ita a kan ta rufe shagon ta koma wurinta. Goggo ta ƙi, amma ta yi mata alkawari guda. Mahaifiyar Goggo da gigin tsufa ta rasu, kuma Goggon ce ta yi jinyarta shekara huɗu, tana ji tana gani tsohuwar ke tambayarta ko ita 'yar wa ce. Saboda haka ta ce wa 'yarta, "Ranar da na fara mantuwa, da ƙafata zan kawo miki makullin shagon. Ba zan riƙe takardun mutane da kan da ya fara yoyo ba."

Wajen mako uku ke nan kwamfutar tana yi mata wani ɗan iskanci da safe. Sai ta buga kalmar sirri sau biyu, wani lokacin sau uku, kafin ta buɗe. Goggo takan yi tsaki ta ce kayan zamani ba su da ƙarko. Laifi tudu ne. To, ran wata Litinin kwamfutar ta ƙi gaba ɗaya. Ta buga, aka ce ba daidai ba. Ta sake, haka. A karo na biyar kwamfutar ta ce ta dakata tukuna, kamar yadda ake tsayar da baƙo a ƙofa.

Kalmar nan shekara tara tana buga ta kowace safiya. Goggo ta zauna ta zuba wa ɗigo-ɗigon da ke ɓoye haruffan ido. Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai. Mutum biyu na kan benci suna jira. Ta ce musu inji ya lalace su dawo gobe, ta tura kwamfutar cikin jaka, ta rufe shago.

Mai gyaran da ta nufa, Injiniya ake ce masa, shagonsa na can bayan tashar mota. Wuri ne matsattse mai warin dalma, matattun kwamfutoci jibge har rufi, ƙananan kusoshi a cikin murafen kwalba a jere bakin tebur. Shi kansa ya fara furfura a gemu, amma Goggo ta san shi tun yana bin babansa gyaran tafiretocin ofis, don haka har gobe ɗan nan take ce masa.

"Ɗan nan, abarku ta haukace. Ta ƙi karɓar kalmata."

"To Goggo, bari mu ji ta bakinta."

Ya duba ko madannin manyan haruffa ne ya maƙale, ba shi ba ne. Ya soka wani ɗan filashi ya tayar da kwamfutar ta wata hanya, ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya yana latsawa, kowanne ya amsa. Ya busa ƙura, ya sake bi.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Amma abu ne mai sauƙi. Tunda taki ce, zan cire tsohuwar kalmar ki sa sabuwa. Minti goma, kuma ba abin da zai taɓa takardunki."

"Ba na so."

"Goggo, kowa na mantawa. Jiya ma wani lauya..."

"Ni ba kowa ba ce."

Ya ajiye sukudireba ya dube ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, sai ta gaya masa komai: mahaifiyarta, da alkawarin makulli. Ta ce in ya cire kalmar ya sa wata, kwamfuta ya gyara, ita kuwa za ta koma gida ba ta san ko kanta ne ya fara tafiya ba. Abin da ta zo ji ke nan.

Injiniya ya sosa gemu. Can ya jawo tasa kwamfutar, ya buɗe farin shafi, ya tura mata gabanta. "A nan haruffa ba sa ɓuya. Ki buga ta yadda kika saba, sannan ki duba. Ni ga bayana." Ya juya ya fuskanci bango.

Ta ɗora yatsunta, ta ɗaga kai sama, ta buga. Da ta sauke ido ta ga kalmarta ce, babu ko tantama, sai dai harafi ɗaya babu shi a tsakiya. Ta sake bugawa. Wannan harafin dai ya sake ɓata.

"Taka ma lalatacciya ce," ta ce, amma muryarta ta yi ƙasa.

"To ki goge. Yanzu ki koma kan taki, ki buga da yatsa ɗaya."

"Ni? Da yatsa ɗaya kamar sabon ɗan sanda?"

"Ba mai ganinki, Goggo."

Ta miƙe manuninta tana tsinto haruffan ɗai-ɗai kamar kaza, tana ƙunƙuni. Kwamfutar ta buɗe.

Dariya ce ta ƙwace mata, har da hawaye. Kanta lafiya lau, ba ta manta komai ba. Ta yi wa Allah godiya, ta sa wa Injiniya albarka, ta sa wa babansa. Shi dai bai yi dariya ba. Ya ce ta latsa masa madanni guda da kowane yatsa, bi da bi. Tara suka latsa. Autan yatsanta na hagu ya je daidai inda ya saba zuwa, ya sauka a kan madannin, amma bai nutsa shi ba. Ita kuwa a jikinta ji ta yi ta danna.

"Wannan gyaran ba nawa ba ne," in ji shi a hankali. "Na su 'yarki ne. Kada ki bari ya kwana biyu."

Ta juya hannun tana kallo. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ita ta haura arba'in da nata a kan aiki, ta ɗauka ta tsira. Tana cikin wannan tunanin sai wani tunanin ya faɗo mata wanda ya fi shi nauyi. Yatsan da ke tsallake harafi a kalmar sirri ai ba a nan kaɗai yake aiki ba. Ta buɗe takardun da ta buga cikin mako ukun nan, ta fara karantawa, abin da rabonta da yi tun tana ɗaliba. Ga su nan, giɓi bayan giɓi, har a cikin sunayen mutane. Kwamfutar ce kaɗai ta iya ce mata ba daidai ba. Masu takardun kuwa sun karɓa da hannu biyu sun yi godiya.

A ranar ta kira 'yarta ta ce ta nemo mata likitan hannu, zancen makulli kuma su bar shi tukuna. Ta sa Injiniya ya mayar mata da jan layin. Kwana biyu ta yi a shago ƙofa a rufe, tana gyara takardun nan guda goma sha huɗu, tana karanta kowacce sau biyu da ɗan yatsa a kan layi. A rana ta uku ta zuba su a jaka ta fita neman masu su, don adireshin kowa na saman takardarsa.

Na farkon wani dattijo ne mai gadin ma'ajiyar siminti, wanda ta buga wa koke a kan an rubuta ranar ritayarsa ba daidai ba. Ta same shi zaune a kan bulo bakin ƙofa. Yana ganinta ya miƙe ya kakkaɓe mata bulon.

"Goggo, da kanki? Ai da ma ina son zuwa. Kin san yaran ofis ɗin nan sun dawo mini da takardar? Wai sunana ba haka yake ba, wai duk kurakurai ne. Na ce da wanda ke kan tebur, kai yaro, ka san wadda ta buga wannan? Tun ba a haife ka ba take aikin nan. Sau uku ina komawa da ita, na rantse ba zan sauya ko ɗigo ba. Har ya sa aka fitar da ni."

Yana faɗa yana murmushi, yana jiran ta yaba masa. Goggo ta ji kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba. Ta ciro sabuwar takardar ta miƙa masa da hannu biyu.

"Malam, yaron ne da gaskiya," ta ce. "Ni na yi kuskure. Tashi mu je tare, in faɗa masa da bakina."