Abin da Mai Agogo Ya Kasa Faɗa wa Likita

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin Baba Mai Agogo. Za ka yi dariya, na sani, ni ma na yi, amma ba ta kai ni ƙarshe ba.

Dattijo ne siriri, mai ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya in za a leƙa cikin agogo. Ba shi da shagon kansa, tebur ne kawai a kusurwar shagon Tela, abokinsa tun suna samari. Da matarsa ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, sai ya tsinci wani kwikwiyo a bayan kasuwa, ya raɗa masa suna Minti. Tare suke fitowa da safe, Minti ya shige ƙarƙashin tebur ya kwanta. Abin da Baba ya ci shi Minti zai ci: wake ne, kabeji ne, har madarar shayinsa yakan tsiyaya masa a murfin gwangwani.

To, cikin Minti bai karɓi wannan gata ba. Shiru-shiru zai saki tusa, shagon kuwa ƙarami, taga ɗaya, fanka sai ta ƙara raba wa kowa rabonsa.

"Mai Agogo," in ji Tela yana fifita da kwali, "karen nan naka mushe yake ci?"

"Sharri dai. Ka binciki kanka, tsufa ya zo."

Wasa ne har ranar da wata mata ta zo awo. Tela na riƙe da tef, abin ya taso. Ta dube shi sama da ƙasa, ta naɗe yadinta ta fita.

"Ka gani ko? Ni ta zarga! Ko ka nema masa magani, ko ya daina shigo min shago."

Barinsa a gida kuma ba zai yiwu ba, don ɗakin haya ne, in an kulle shi haushi yake yi har maƙwabta su kawo ƙara.

Baba ya ja Minti zuwa asibitin dabbobi. Likitar yarinya ce sa'ar autarsa. Ta ba shi kujera, ga mutane a layi suna ji.

"Baba, me ke damunsa?"

Kunya ta kama Baba. Mutumin da bai taɓa faɗin irin wannan kalma a gaban 'ya'yansa ba!

"Cikinsa ne, 'yata."

"Zawo yake yi? Ko amai?"

"A'a. Haka dai... cikin."

Ta tattaɓa, ta auna, ba ta ga komai ba, ta ba shi maganin tsutsar ciki. Ya yi godiya ya fito da matsalarsa yadda ya shiga da ita.

Daga nan ya yi nasa lissafin: in abin da ke shiga ya ragu, mai fita ma zai ragu. Ya mayar da Minti ci sau ɗaya a yini. Kare ya wuni da yunwa, in an ajiye kwano sai ya afka yana haɗiya ba tauna, yana haɗa abinci da iska. Abin ya fi na da.

Tela kuwa keken ɗinkinsa kawai ya jawo bakin ƙofa yana ɗinki a rana, gumi na ɗiga kan yadin mutane. Wannan Baba ya kasa kallo. Ya ba wani direba Minti, mai gida da fili a bayan gari, ya juya baya kafin motar ta tashi.

Bayan wasu watanni direban ya kawo agogo gyara.

"Baba, karenka fa garau. Matata ce ta kai shi wurin likitar nan, ta faɗa mata ƙiri-ƙiri. Aka ce a daina ba shi wake da kabeji da madara, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan safe da rana da yamma, a baza masa a faranti mai faɗi don kada ya yi gaggawa, in ya ci a ɗan zaga da shi. Shi ke nan fa."

"Shi ke nan?" in ji Baba.

Ya bi direban har gida. Minti ya yi tsalle, ya zagaye shi, ya shinshina ƙafafunsa. Sai ƙaramar 'yar gidan ta fito ta rungume wuyan karen, tana hararar baƙon da ya zo.

"In kana so ka tafi da abinka, Baba," in ji direba.

Baba ya dubi yarinyar. "Bar mata shi," ya ce.

Har yanzu yana nan a kusurwarsa, Tela ya mayar da keke ciki, shago ba wari. Hira ce dai ta ragu. Kai fa, da kai ne a tsakar gidan direban nan, da ka karɓo karenka ko da ka bar wa yarinyar?